Yadda ake gyara filtar haske ta Photoshop idan ta ƙi aiki

Akwai wata shekara da aka kawo min hotunan hawan sallah da aka ɗauka a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, a Birni. Mai hotunan yana son a ɗauko guda ɗaya, na ɗansa a kan doki, a yi masa haske kamar an haska shi da fitila daga sama, sauran jama'a kuma su ɗan shiga duhu. Aikin minti goma ne. Na je wajen filtar haske, na tarar sunanta ya dusashe, ba ya dannuwa. Na rufe manhajar na buɗe, na kashe kwamfuta na kunna, shiru. Washegari na kai ta wurin mai gyara, ya share komai ya sake zuba Windows, na biya kuɗi, na yi asarar kwana biyu. Da na dawo na buɗe hoton, filtar tana nan a dusashe yadda na bar ta. Ashe ni da hannuna na mayar da hoton zuwa launin ɗab'i, saboda za a buga shi a babban allo. Dannawa biyu ce maganin.

Shi ya sa na jera matakan nan daga mai arha zuwa mai tsada. Ka bi su a jere, ƙanena. Kada ka tsallaka zuwa na shida don wani ya ce maka "ai matsalar direba ce", wato ƴar manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da kayan cikin kwamfuta.

Filtar da nake magana, a zubin Photoshop da ke da ita, tana cikin Filtre > Rendu > Éclairage idan manhajarka ta Faransanci ce. Idan kwamfutar daga Kano aka kawo ta da Turanci, hanyar ita ce Filter > Render > Lighting Effects. Zan riƙa ba da sunayen biyu a inda ake bukata, na Faransanci a gaba.

Abin da za ka tanada

- Kwafin hoton da kake aiki a kai. Ka yi Image > Dupliquer, ko ka kwafi fayil ɗin zuwa wata jaka. Ba a gwaji a kan hoton mai kaya.
- Wani ƙaramin hoto na JPEG da ka san lafiyarsa lau, ko da na waya ne. Shi ne ma'auninka.
- Caja a jone. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, ka bari sai batir ya cika kafin ka taɓa direba.
- Kile na USB mai sarari, don ajiye saitunanka.
- Intanet, amma sai an kai mataki na shida.
- Takarda da biro. Duk abin da ka canza, ka rubuta. Wanda ya canza abu biyar lokaci guda, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, gobe kuma zai dawo gidan jiya.

Mataki na 1: Ka fara tantance irin ciwon

"Ta ƙi aiki" ba bayani ba ne. Ka duba wanne ne a cikin waɗannan: sunan filtar yana nan amma ya dusashe, sunan babu shi sam a jerin, tana buɗewa amma hoton ya koma baƙi ƙirin, tana buɗewa amma ba ka ganin zoben da ake jan hasken da shi, ko kuma manhajar ta sandare ko ta rufe kanta.

Daga nan ka buɗe ƙaramin hoton nan na gwaji, ka kira filtar a kansa. Idan ta yi aiki, kwamfutarka ba ta da laifi, matsalar tana jikin fayil ɗinka, kuma mataki na 2 zuwa na 4 zai ishe ka, sai dai in babban hoto ne ke sandarewa, sai ka duba na 7. Idan nan ma ta ƙi, ka leƙa na 3 da sauri, sannan ka wuce na 5. Idan sunan ne babu shi gaba ɗaya, tafi na 8 kai tsaye.

Ka kuma rubuta zubin Photoshop ɗinka, wato lambar version ɗinsa. Yana cikin Aide > À propos de Photoshop, wato Help > About Photoshop. Lambar nan za ta yi amfani a gaba.

Mataki na 2: Yanayin launin hoton

Nan ne aka fi kamuwa, kuma nan na faɗi. Filtar haske ba ta aiki sai a kan hoton RVB mai bit 8. RVB shi ne RGB a Turanci: ja, kore da shuɗi, launukan da fuskar kwamfuta ke haɗawa. Dalilin a fili yake, filtar tana lissafin haske ne, shi kuwa CMJN, wato CMYK a Turanci, lissafin tawada ne da ake zubawa a takarda.

Dubi saman hoton, inda sunan fayil yake. Za ka ga an rubuta wani abu kamar RVB/8. Idan ka ga CMJN, ko Gris, ko Index, ko kuma RVB/16, ka kama ɓarawon. Je Image > Mode, ka zaɓi Couleurs RVB, ka sake komawa ka zaɓi 8 bits/couche. A Turanci RGB Color da 8 Bits/Channel ke nan.

Yaya aka yi hoto ya bar RVB/8 ba ka sani ba? Hanyoyi uku na sani. Masu buga alluna da katin biki sukan ce a kawo musu aiki a CMJN, sai mutum ya juya tun farko ya manta. Hoton RAW daga kyamara kuma yana iya buɗewa a bit 16, idan haka aka saita a rubutun nan da ke ƙasan tagar Camera Raw. Na uku, hoton GIF da wasu PNG da ake saukowa daga intanet suna zuwa a Index, mai launi 256 kacal. Tsohon hoton kakanni da aka ɗauka da sikana shi ma sau da yawa a Gris yake fitowa.

Hattara a nan: idan fayil ɗin yana da shimfiɗu da yawa, waɗanda Faransanci ke kira Calques, Turanci kuma Layers, manhajar za ta tambaye ka ko ta haɗe su. Ka ce a'a. Kuma kada ka riƙa kai da kawowa tsakanin CMJN da RVB, domin duk juyi yana cin launi, musamman shuɗi mai kaifi da koren nan na shadda. Tsarin da ya fi shi ne ka gama aikinka duka a RVB, ka ajiye shi a PSD, wato fayil ɗin Photoshop da ke riƙe shimfiɗu, sannan ka fitar da kwafi ɗaya ka juya shi CMJN don mai ɗab'i.

Mataki na 3: A kan me kake tsaye?

Filta tana aiki ne a kan abin da aka zaɓa, kuma sau da yawa abin da aka zaɓa ba shi ne wanda idonka ke kallo ba. Buɗe jerin shimfiɗu da F7, ka duba waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Idan shimfiɗar tana da abin rufi, wato Masque, za ka ga ƴan hotuna biyu a gefe da gefe. Wanda aka kewaye da farin layi shi ne zaɓaɓɓe. Idan abin rufin ne, danna ɗan hoton da ke hagu. Idan a kan shimfiɗar gyaran launi kake, irin su Courbes ko Niveaux, babu hoton da za a haska a cikinta, sauka zuwa hoton kansa. Shimfiɗar da babu komai a cikinta ita ma haka. Wadda aka rufe wa ido, buɗe mata ido. Rubutu kuwa sai an mayar da shi hoto tukuna, ko a mayar da shi Objet dynamique, wato Smart Object. Na fi son na biyun, domin idan aka ce an yi kuskure a sunan amarya, kana iya gyarawa ba tare da ka sake aikin daga tushe ba.

Sai ka leƙa jerin Couches, wato Channels. Dole layin sama, mai suna RVB, ya zama shi ne zaɓaɓɓe. Idan a kan ja kaɗai ko wani Alpha kake tsaye, danna na saman. Idan ka ga an rubuta Masque rapide a saman hoton, hannunka ne ya taɓa harafin Q, sake danna shi.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba da haushi: filtar ta buɗe, ka jujjuya, ka danna OK, ba abin da ya canza. Galibi akwai wani ɗan zaɓi ƙarami da ka manta a wani lungu na hoton, filtar kuma ta yi aikinta a cikinsa. Danna Ctrl da D, ka sake gwadawa.

Mataki na 4: Ta buɗe, amma baƙi ne ko babu zoben

Tun daga CS6, wanda ya fito a 2012, ana sarrafa hasken ne a kan hoton kansa, da wani zobe mai maɗauri da ake ja da linzami. Idan ba ka ganin zoben, danna Ctrl da H. Wannan maɓalli yana ɓoye layukan taimako, kuma mutane da yawa suna danna shi don ɓoye layin zaɓi sannan su manta. Idan har yanzu babu, rage girman kallon da Ctrl da alamar ragi, domin zoben yana iya kasancewa a wajen iyakar hoton.

Baƙin hoto kuwa ba kullum ne alamar lalacewa ba. Filtar tana kashe hasken da ke cikin hoton ne, ta bar abin da fitilarta ta haska. Idan fitilar ta kauce gefe, ko ƙarfinta ya yi ƙasa, kuma ma'aunin Ambiance yana can ƙasa, duhu za ka gani, kamar ɗakin da aka rufe tagoginsa. Ɗaga Ambiance da Intensité kaɗan. Idan hoton ya fara bayyana, lafiya lau take. Hanya mafi sauƙi ita ce ka je jerin saitunan da ke sama ta hagu, ka zaɓi Par défaut, wato Default, ka fara daga nan. Ka duba jerin fitilun da ke dama ma, ko an rufe wa fitilar ido, ko kuma launinta baƙi ne.

Idan hoton ya fito da gurzaje kamar bangon da aka yi wa yaɓe, dubi wurin Texture. Akwai wani Couche da aka zaɓa a ciki, mayar da shi Sans.

Amma idan ka ɗaga komai duhun bai motsa ba, ko hoton yana ƙyafta ido, ko ya fito da layuka da murabba'ai, maganar ta koma kan katin girafik, wato ɓangaren kwamfutar da ke zana hoto a fuska.

Mataki na 5: Shin Photoshop yana ganin katin girafik ɗinka?

Ga ɗan bayanin da kake bukata. Tsohuwar filtar, ta CS5 da abin da ya gabace shi, ƙaramar taga ce da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke ɗauka. Ta CS6 zuwa sama an sake gina ta ne a kan katin girafik, kuma tana neman kati mai ƙwaƙwalwar 512 MB. A kan Windows XP ba ta aiki. In babu kati, ko akwai shi amma manhajar ba ta yarda da shi ba, filtar ba za ta tashi ba.

Je Édition > Préférences > Performances. A dama akwai wurin da aka rubuta sunan katin da aka gano, da akwatin Utiliser le processeur graphique, wato Use Graphics Processor. Abu uku ne zai iya faruwa.

Akwatin yana nan ba a cika shi ba: cika shi, ka rufe Photoshop gaba ɗaya, ka sake buɗewa. Rufe hoton kaɗai bai isa ba. Wani lokaci manhajar ce da kanta take cire alamar bayan ta taɓa faɗuwa, misali wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Akwatin a cike yake amma filtar tana ba da baƙi ko tana sandarewa: danna Paramètres avancés. A CS6 da zubin CC na farko-farko akwai Mode de dessin mai hawa uku. Sauko da shi zuwa na ƙasa, De base, wato Basic, ka sake kunna manhajar. Wannan yana rage wa katin kaya. Tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa da nan suke warkewa.

Akwatin ya dusashe, kuma babu sunan kati: wuce mataki na gaba.

Mataki na 6: Direban katin

A nan zan daɗe, domin yawancin kwamfutocin da muke aiki da su na hannu ne, an sake zuba musu Windows a shago, kuma ba kowane mai gyara ne yake damuwa da direban girafik ba. Shi dai in fuska ta kawo hoto, aiki ya ƙare.

Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta dxdiag, ka danna Entrée. Je shafin Affichage. Za ka ga sunan katin, da ƙwaƙwalwarsa, da kwanan watan direban. Idan sunan da ka gani shi ne Carte vidéo de base Microsoft, ko Microsoft Basic Display Adapter, to direban katinka na gaskiya ba ya ciki. Wanda ke ciki na wucin gadi ne, aikinsa kawai ya nuna maka fuska kafin ka saka na ainihi. Photoshop ba zai ga komai ta cikinsa ba.

Yadda za ka yi: juya kwamfutar ka karanta lambar samfurinta a ƙasa. Je shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka nemi direban girafik na wannan samfurin da na Windows ɗin da kake da shi, ka lura ko mai bit 64 ne ko 32. Idan babu a can, sai ka je shafin mai katin, Intel ko NVIDIA ko AMD. Fayil ɗin yana da nauyi, yakan kai ɗaruruwan MB, don haka ka nemi wuri mai wifi, ka ajiye shi a kile don wata rana. Kafin ka saka, ka yi Point de restauration, wato ajiye yanayin Windows don ka iya komawa baya, ka kuma tabbata caja na jone. Bayan ka saka, ka kashe kwamfutar ka kunna.

Ka guji manhajojin nan da ke cewa za su sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya. Na ga wadda ta gyara girafik ta kashe sauti.

Akwai kuma akasin haka: jiya filtar tana aiki, da dare Windows ya yi sabuntawa, yau ta ƙi. A nan komawa baya ake yi. Buɗe Gestionnaire de périphériques, ka buɗe Cartes graphiques, ka danna katin sau biyu, shafin Pilote, sannan Restaurer le pilote. A Turanci Roll Back Driver.

Idan a wannan jerin ka ga kati biyu, misali Intel da NVIDIA, kwamfutarka tana sauya su ne don tattalin batir, kuma tana iya miƙa wa Photoshop ƙaramin. A Windows 10, je Paramètres > Système > Affichage > Paramètres graphiques, ka ƙara Photoshop.exe, ka ba shi Hautes performances. A jakar da Photoshop yake akwai wani ɗan fayil mai suna sniffer.exe. Shi ne ɗan aiken da ke leƙa katin duk lokacin da manhajar za ta tashi, ya kawo rahoto. Shi ma ka ba shi babban katin, don kada ɗan aike ya kalli wani, maigida ya kalli wani. Kuma ka yi gwajin da caja a jone, domin a kan batir wasu kwamfutocin suna rage wa katin ƙarfi.

Wata magana da littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba: zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar ciki. Idan filtar tana aiki da sanyin safiya amma tana rufe manhajar da azahar, ko kwamfutar tana huci kamar tukunyar tuwo, kada ka wahalar da kanka da saituna. Ɗaga bayanta a kan ɗan katako iska ta shiga, kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, ka kuma kai ta a buɗe a hure fankar.

Mataki na 7: Nauyin hoto da tsofaffin saituna

Idan ƙaramin hoto yana wucewa amma babba yana sandarewa, nauyi ne. Hoton kyamara mai 6000 da 4000 bai wuce 70 MB ba a cikin ƙwaƙwalwa. Amma allon mita 3 da mita 2 da aka buɗe a 300 ppp, wato fiksel 300 a kowane inci, ya haura fiksel miliyan 800, wajen 2,5 GB, tun kafin ka ƙara shimfiɗa ko ɗaya. A 100 ppp bai kai 300 MB ba, kuma allon da za a kalla daga tsallaken titi ba ya bukatar fiye da haka. Dabara ita ce ka haska hoton mutumin a nasa fayil, da girmansa na asali, sannan ka ɗauko shi ka ɗora a kan allon.

Idan saƙon da ke fitowa yana maganar disques de travail, faifan C ne ya cika. Kwashe bidiyon bukukuwan da suka wuce zuwa wani faifai, ko ka riƙe Ctrl da Alt lokacin da Photoshop ke tashi, ka zaɓa masa wani faifan aiki. Rufe Chrome ma yana taimakawa.

Idan duk wannan bai yi ba, a wanke saituna. Da farko ka ajiye Actions da burusanka da ka ƙirƙira zuwa kile, don kada su bi ruwa. Rufe manhajar, ka riƙe Ctrl da Alt da Maj tare, ka buɗe ta kana riƙe da su. Maj shi ne Shift a madannin Turanci. Za a tambaye ka ko a share fayil ɗin saituna, ka amsa e. Idan tambayar ba ta fito ba, ka makara wajen riƙewa, sake gwadawa. Bayan nan ka koma mataki na 5 ka duba akwatin katin.

Mataki na 8: Idan zubin manhajar ne

Ɗauko lambar da ka rubuta a mataki na 1. Filtar haske ta zamani an gina ta ne a kan injin 3D na Photoshop. A 2021, da fitowar zubi na 22.5, kamfanin Adobe ya sanar cewa zai janye kayan 3D, ya kuma lissafa wannan filtar a cikinsu. A zubin da suka biyo baya na kusa, ana iya lallaɓa ta ta hanyar Préférences > Aperçus de technologie, a cika akwatin da Turanci ke kira Deactivate Native Canvas, a sake kunna manhajar. Kamfanin ya ba masu bukatar 3D shawarar su tsaya a zubi na 22.2. A 2024 kuma aka kammala cire kayan 3D ɗin. Saboda haka idan naka sabo fil ne kuma filtar ba ta cikin jerin Rendu, babu abin da ya lalace, babu kuma direban da zai dawo da ita.

Akwai kuma kwafin nan da ake yawo da shi a kile, wanda ba a girkawa, danna shi kawai ake yi ya buɗe. An rage masa kaya ne don ya yi sauƙi, kuma ba ka san me aka cire ba, ba ka san me aka cusa ba. Ba na ɓata lokaci wajen gyara irin wannan. Idan kuɗin lasisi ya fi ƙarfinka, ga hanyar halal a ƙasa, wato manhajar kyauta ta GIMP.

Mataki na 9: Yin hasken da hannu

Gaskiyar magana, yanzu ko a kwamfutar da filtar ke aiki, a hotunan mutane na fi yin hasken da hannu. Ya fi biyayya, kuma ba ruwansa da katin girafik, ko CMJN, ko bit 16.

Don hasken fitila irin na mahayin dokin nan: ƙara shimfiɗar Courbes a saman hoton, ka kama tsakiyar layin ka ja shi ƙasa, ko sama in hoton CMJN ne, har hoton duka ya yi duhun da kake so a gefuna. Danna farin abin rufinta. Ɗauki kayan Dégradé da harafin G, ka zaɓi mai zagaye, launi daga baƙi zuwa fari. Ja daga fuskar mutumin zuwa waje. Inda baƙi ya sauka duhun zai janye, mutumin ya fito. In ya fito a juye, danna Ctrl da I a kan abin rufin. In gefen hasken ya yi kaifi, ka bi shi da Flou gaussien.

Don ƙara haske a wasu wurare: danna Ctrl da Maj da N, a tagar da ta fito ka zaɓi yanayin Lumière tamisée, wato Soft Light, ka cika akwatin da ke cewa a cika ta da toka-toka kashi 50. Ba za ka ga canji ba, haka ake so. Ɗauki burushi mai laushi, ƙarfinsa kashi 8 zuwa 10, ka shafa fari a inda haske zai sauka, goshi, kunci, kafaɗa, kwalliyar sirdi, ka shafa baƙi a inda inuwa take. A hankali, shafa bisa shafa. Idan kana son hasken la'asar, yi amfani da ruwan goro mai haske maimakon fari.

Masu bin darasin Turanci da manhajar Faransanci, ga tarko: Overlay shi ne Incrustation. Superposition kuwa Screen ne, duk da sunan ya fi kama da na farkon. Wanda ya zaɓi Superposition a kan toka-toka zai ga hoton ya yi fari kamar hazo.

Kuskure biyu nake yawan gani a aikin yara masu koyo. Na farko, rana tana dama a hoton, inuwar doki ta faɗi hagu, su kuma su kawo haskensu daga hagu. Ko wanda bai san aikin ba zai ji wani abu bai zauna ba. Dubi inuwar ƙasa da ta ƙarƙashin hanci kafin ka fara. Na biyu, cika fari a fatar mutum har ta koma kamar an shafa toka. Baƙar fata ɗumi take so, ba fari ba. Idan uwar amarya ta ce a ƙara mata haske, ka ƙara a idanu da sarƙa da lallen hannu, fatar kuma ka ɗaga ta kaɗan da Courbes.

Abin da hannu ba ya iya yi da sauƙi shi ne hasken da ke fito da tudu da kwari, irin wanda ake yi wa rubutun zinariya a katin biki. Ga rubutu, salon shimfiɗa na Biseautage et estampage, wato Bevel and Emboss, ya wadatar. Ga sauran, akwai GIMP, manhajar kyauta ce, kuma tana da tata filtar a Filtres > Ombres et lumières > Effets d'éclairage. Tana karɓar fitila har 6, tana da shafin tudu da kwari, kuma ba ta dogara da katin girafik ba, don haka tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, sai dai tagar gwajinta ƙarama ce. Fitar da shimfiɗar da kake so a PNG, ka haska ta a GIMP, ka fitar da ita ta Fichier > Exporter sous, sannan ka dawo da ita cikin PSD ɗinka a saman ta asali, ka rage mata Opacité har ta zauna daidai da sauran hoton.